Me Ya Haɗa Fursunonin Guantanamo Da Dokar Mallakar Bindiga A Amurka?

Duk lokacin da aka kai hari a Amurka, tun ba a gama binne mamata ba gardama take kaurewa, kuma tambayar da ke ƙarƙashinta ba ta canzawa: idan gwamnati tana zargin mutum da ta'addanci, amma ba ta da hujjar da za ta ajiye a gaban alƙali, me take da ikon yi masa? Ta kulle shi? Ta hana shi hawa jirgin sama? Ta hana shi sayen bindiga?

Amsar da ƙasar ta ba kanta tun daga 2001 tana ɗaure kai. A sansanin Guantanamo akwai mutanen da suka haura shekara 20 a tsare ba a taɓa karanta musu tuhuma ba. A cikin Amurka kuwa, wanda sunansa ke cikin kundin mutanen da hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ke sa wa ido yana iya shiga kanti ya sayi bindiga, kuma dokar tarayya ba ta hana shi ba. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar waɗannan a matsayin batutuwa biyu da ba su da haɗi, ɗaya na yaƙi, ɗaya na siyasar cikin gida. Ƙulli ɗaya ne, kuma sai an warware shi za a gane dalilin da ya sa 'yan siyasar Amurka ke musayar hujjoji da juna kamar masu musayar riga.

Fursunan yaƙi daban, wanda ake tuhuma daban

Kafin 2001, hanya biyu doka ta sani ta tsare mutum. Ta farko ita ce ta mai laifi: a kama shi, a faɗa masa abin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi lauya, a gurfanar da shi. Idan hujja ta tsaya a ɗaure shi na adadin shekarun da alƙali ya yanke, idan ta rushe ya koma gidansa. Ginshiƙin wannan hanya wani tsohon haƙƙi ne da Amurka ta gada daga dokar Ingila, wanda da Latin ake kira habeas corpus. Ma'anarsa a sauƙaƙe: duk wanda hukuma ta kulle yana da ikon neman a kawo shi gaban alƙali, a bayyana dalilin kullewar. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ce ba a dakatar da wannan haƙƙi sai an yi tawaye ko an mamaye ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce ta fursunan yaƙi, wadda Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 suka tsara. Sojan da aka kama a fagen daga ba mai laifi ba ne. Ana riƙe shi ne don kada ya koma ya ɗauki bindiga, shi ya sa ba a bukatar tuhuma. Amma yana da kariya mai ƙarfi: ba a tilasta masa faɗin komai sai sunansa, muƙaminsa, ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja, ba a azabtar da shi, kuma da zarar an daina faɗa, a sake shi. Idan aka yi shakkar ko wanda aka kama mayaƙi ne ko manomin da tsautsayi ya rutsa da shi, sashe na 5 na yarjejeniya ta uku ya ce a zaunar da kwamiti ya tantance. Amurka da kanta ta yi irin wannan zama fiye da sau 1,000 a yaƙin Tekun Fasha na 1991, kuma ta sallami mutane da yawa da aka gano farar hula ne.

Kowace hanya tana da abin da take ba gwamnati da abin da take hana ta. Ta farko tana ba ta damar ɗaure mutum har ƙarshen rayuwarsa, amma sai da hujja. Ta biyu tana yafe mata hujja, amma ta hana ta matsa wa mutum, kuma ta sa wa tsarewar ranar ƙarewa.

Rukuni na uku

Harin 11 ga Satumba 2001 ya kashe mutum 2,977. Kwana uku bayan haka majalisar dokoki ta ba Shugaba George W. Bush izinin amfani da ƙarfin soja a kan duk wanda ya ga yana da hannu a harin ko ya ba maharan mafaka. A Majalisar Wakilai mutum 420 suka amince, mace ɗaya tak, Barbara Lee daga California, ta ƙi. Wannan izini bai ambaci ƙasa ba, bai sa wa'adi ba, kuma har yau ba a soke shi ba.

Da shi gwamnati ta buɗe hanya ta uku. A watan Fabrairun 2002 Bush ya yanke cewa 'yan Alƙa'ida ba sa ƙarƙashin Yarjejeniyoyin Geneva, 'yan Taliban kuma ba su cancanci matsayin fursunonin yaƙi ba. Sakataren harkokin wajensa, Colin Powell, wanda tsohon janar ne, ya nuna rashin amincewa, yana tsoron abin da za a yi wa sojojin Amurka idan su ma suka faɗa hannun abokan gaba. Ba a bi shawararsa ba. Aka raɗa wa waɗanda aka kama suna "haramtattun mayaƙa": ba su da lauya da kotu irin na mai laifi, ba su da kariya irin ta fursunan yaƙi. Gwamnati ta ɗebi abin da ya yi mata daɗi a kowace hanya, ta zubar da sauran.

Wurin ajiye su ma an zaɓe shi ne da lissafi. Guantanamo yanki ne a gabar Kyuba da Amurka ta karɓa haya tun 1903, tana aika dala 4,085 a shekara, Kyuba kuma tana ƙin karɓa. Lauyoyin gwamnati suka ce tunda ƙasar ta Kyuba ce, hannun kotunan Amurka bai kai can ba. Kotunan Kyuba kuwa ko ƙofar sansanin ba za su iya shiga ba.

Ranar 11 ga Janairun 2002 aka sauke mutum 20 na farko. Wanda ya ga hoton ba zai manta ba: mutane durƙushe a kan tsakuwa cikin kaya ruwan lemo, hannu a ɗaure, an rufe musu ido da baƙin tabarau, an toshe kunne, an rufe baki da hanci, waya mai ƙaya ta kewaye su. Daga ranar zuwa yau kimanin mutum 780 da ake zargi da ta'addanci suka ratsa wurin. Tara sun mutu a ciki.

Su wane ne aka kai can?

An ce wa duniya su ne mafi haɗari a cikin masu haɗari. Wasunsu haka ne. Amma wani bincike da jami'ar Seton Hall ta yi a 2006, da takardun ma'aikatar tsaron Amurka kanta, ya nuna kashi 5 cikin 100 ne kawai sojojin Amurka suka kama da hannunsu. Kashi 86 jami'an Pakistan ne ko mayaƙan arewacin Afganistan suka miƙa su, a lokacin da jirage ke watso takardu ana alƙawarin tukuici mai tsoka ga duk wanda ya kawo ɗan Alƙa'ida. Duk wanda ya san talauci da gaba ta ƙauye ya san abin da irin wannan alƙawari zai haifar. Baƙo Balarabe ya zama haja.

Biyu daga cikinsu maƙwabtanmu ne. Sami al-Hajj ɗan Sudan ne, mai ɗaukar hoto na tashar Aljazira. An kama shi a kan iyakar Pakistan da Afganistan a watan Disambar 2001 yana kan aikinsa. Ya shafe sama da shekara shida a tsare, ya yi yajin cin abinci na fiye da shekara guda ana ɗura masa abinci ta hanci, sannan a watan Mayun 2008 aka sauke shi a Khartoum a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ba a taɓa tuhumarsa da komai ba.

Na biyun, Muhammad al-Gharani, iyayensa 'yan Cadi ne mazauna Saudiyya. Yana ɗan kimanin shekara 14 aka kama shi a Pakistan. Cikin abubuwan da aka jingina masa har da cewa yana cikin wata ƙungiyar Alƙa'ida a Landan a 1998, shekarar da bai wuce 11 da haihuwa ba. Da maganar ta isa gaban Alƙali Richard Leon a watan Janairun 2009, sai aka ga tushen zargin maganar wasu fursunoni biyu ce waɗanda ita kanta gwamnati ba ta gama yarda da su ba. Ya ba da umarnin a sake shi. A watan Yunin shekarar aka kai shi Cadi, ƙuruciyarsa duk ta ƙare a keji.

Sai dai adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa fagen yaƙi ba ofishin 'yan sanda ba ne: soja a tsaunin Afganistan ba ya da lokacin tattara shaidu, kuma bayanan leƙen asiri ba a baje su a kotu ba tare da an tona asirin wanda ya kawo su ba. Suna kuma nuna waɗanda aka saki suka koma. Hukumomin leƙen asirin Amurka sun ce kusan kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka sallama an tabbatar sun sake ɗaukar makami. Sa'id al-Shihri, wanda aka mayar Saudiyya a 2007, ya zama mataimakin shugaban reshen Alƙa'ida na Yaman. Wannan gaskiya ce, kuma wanda ɗansa ya mutu a hannun irin waɗannan ba za a ce masa tsoronsa ba shi da tushe ba. Inda hujjar take da rauni shi ne nan: fursunan yaƙi ana sakinsa ne in yaƙi ya ƙare. Yaƙi da "ta'addanci" wa zai sa hannu a takardar ƙarewarsa?

Mako biyu a watan Yunin 2008

Kotun Ƙoli ta yi ta ja da gwamnati sannu a hankali. A 2004 ta ce fursunonin Guantanamo suna iya kai ƙara kotunan tarayya. A rana guda ta yanke hukunci kan Yaser Hamdi, wanda aka haifa a jihar Louisiana aka kama shi a Afganistan, inda Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ta rubuta cewa halin yaƙi ba ya zama lasisin da shugaban ƙasa zai yi abin da ya ga dama da haƙƙin 'yan ƙasa. A 2006, a shari'ar Salim Hamdan, direban Usama bin Laden, kotun ta rushe kotunan sojin da Bush ya kafa. Majalisa ta mayar da martani da sabuwar doka a watan Oktoban shekarar, ta farfaɗo da kotunan, ta kuma toshe wa fursunonin hanyar zuwa gaban alƙalin farar hula.

Sai ranar 12 ga Yunin 2008. A ƙarar Lakhdar Boumediene, ɗan Aljeriya da aka ɗauko daga Bosniya, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu: haƙƙin a kawo mutum gaban alƙali ya kai har Guantanamo. Mai Shari'a Antonin Scalia, cikin waɗanda aka rinjaya, ya rubuta cewa kusan tabbas wannan hukunci zai sa a kashe ƙarin Amurkawa.

Kwana 14 bayan haka, ranar 26 ga wata, kotun ta yanke hukunci a ƙarar Dick Heller, wani mai gadi da birnin Washington ya hana ajiye ƙaramar bindiga a gidansa. Nan ma biyar da huɗu. Kotun ta ce mallakar bindiga haƙƙin kowane mutum ne a karan kansa. Scalia ne ya rubuta hukuncin. Alƙalai huɗun da suka tsaya wa fursunoni su ne yanzu suke cewa a bar birni ya auna rayukan da bindiga ke ci. Huɗun da suka ce haƙƙin fursuna zai jawo asarar rai su ne yanzu suke cewa haƙƙi haƙƙi ne ko da yana da tsada. Mutum ɗaya, Anthony Kennedy, shi kaɗai ya kasance cikin masu rinjaye a duka biyun.

A ganina, wanda ya fahimci waɗannan mako biyu ya fahimci gardamar baki ɗaya. Kowane ɓangare yana da haƙƙin da yake ganin ba a taɓa shi ko da jini zai zuba, yana kuma da haƙƙin da yake shirye ya sadaukar saboda tsaro. Bambancinsu shi ne wanne ne wanne.

Bindiga a idon Ba'amurke

Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1791 jimla ɗaya ce: tunda rundunar sa-kai mai tsari wajibi ce ga tsaron ƙasa mai 'yanci, ba za a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makami da ɗaukarsa ba. Shekaru aru-aru ana jayayya ko maganar ta rundunar sa-kai ce ko ta kowane magidanci. Hukuncin Heller ya ce ta kowa ce, wani hukunci a 2010 ya shimfiɗa ta kan jihohi, na 2022 kuma ya ce har fita da ita waje haƙƙi ne.

An ƙiyasta bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a 2017, sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 kaɗai bindiga ta kashe mutum 48,830, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. A shekara ɗaya ke nan, adadin ya ninka na harin 11 ga Satumba sau 16.

Saye kuma ba wuya. Mutum ya shiga kantin da ke da lasisi, ya nuna katin shaida, ya cike fom. Mai kanti ya tura sunan ga FBI ta waya ko ta kwamfuta, yawanci cikin 'yan mintuna amsa ta dawo. Abin da ake dubawa a rubuce yake: ko an taɓa ɗaure shi kan babban laifi, ko kotu ta same shi da dukan iyali, ko an tabbatar yana da taɓin hankali, ko yana zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Galibinsu abubuwa ne da wata kotu ko hukuma ta riga ta tabbatar. Zargi ba ya cikin jerin. A jihohi da dama kuma, idan mutum ya sayar wa maƙwabcinsa hannu da hannu, ko wannan binciken ba a yi.

Tun farko an ga inda abin zai yi karo. A watan Disambar 2001, lokacin da aka kame ɗaruruwan baƙi, galibi Musulmi, ana riƙe da su ba tare da an bayyana ko sunayensu ba, ma'aikatar shari'a ƙarƙashin John Ashcroft ta hana FBI duba bayanan sayen bindiga don ganin ko wani cikinsu ya taɓa saye. Dalilinta: doka ta kare sirrin mai sayen bindiga. An kulle mutum a ɓoye, amma rasidin bindigarsa yana da alfarma.

Kundin sunaye, da ranar da aka yi musayar hujja

Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisa ya gano cewa daga 2004 zuwa 2014, mutanen da ke cikin kundin sa-ido sun nemi sayen makami sau 2,233, kuma sau 2,043 an ba da izinin a sayar musu. Bayan harin San Bernardino na Disambar 2015 da ya ci mutum 14, da na Orlando ranar 12 ga Yunin 2016 da ya ci 49, 'yan jam'iyyar Democrat suka ɗaga murya: wanda bai isa a bar shi ya hau jirgi ba, ta yaya za a bar shi ya sayi bindiga? Sanata Chris Murphy ya riƙe zauren Majalisar Dattawa yana magana kusan awa 15. A Majalisar Wakilai John Lewis ya jagoranci 'yan'uwansa suka zauna dirshan a ƙasa har suka kwana. Ranar 20 ga Yuni aka kaɗa ƙuri'a kan ƙudurori huɗu, babu wanda ya sami 60 ɗin da ake bukata.

A kunne maganar tana da daɗi, ni ma da na fara jin ta na gyaɗa kai. Amma sai a tambaya: yaya ake shiga wannan kundi? Jami'i ne ke cike takarda bisa abin da yake zato. Ba alƙali, ba sanarwa, ba a gaya maka kana ciki, ba a gaya maka dalili. Zuwa 2017 sunaye sun kai kusan miliyan 1.2, mafi yawansu ba Amurkawa ba.

Dubi Rahinah Ibrahim, 'yar Malesiya mai karatun digiri na uku a jami'ar Stanford. Ranar 2 ga Janairun 2005 ta je filin jirgin San Francisco tare da 'yarta mai shekara 14, tana fama da jinyar tiyata har tana bukatar keken guragu. A gaban yarinyar aka sa mata ankwa aka tafi da ita. Daga baya aka soke bizarta. Shekara takwas tana shari'a, gwamnati tana fakewa da sirrin ƙasa, kafin a 2014 gaskiya ta fito: jami'in FBI ne ya yi kuskuren cike fom, ya sa alama a gurbin da bai kamata ba. Sanata Ted Kennedy ma an sha tsayar da shi a filin jirgi a 2004 saboda sunansa ya yi kama da wani da ke cikin jerin, haka shi kansa John Lewis. Su suna da wayar da za su buga a gyara. Direban tasi mai suna Muhammad a Michigan ba shi da ita.

Nan ne 'yan Republican da ƙungiyar masu bindiga ta NRA suka miƙe suna cewa ba a ƙwace wa mutum haƙƙi bisa zato, sai an je gaban alƙali. Maganar daidai ce. Amma ita ce dai maganar da lauyoyin fursunonin Guantanamo suka shekara 14 suna yi, waɗannan mutane suna toshe kunne. Sanata Lindsey Graham ya soki ƙudurin hana waɗanda ake zargi sayen bindiga tun a 2010, shi ne kuma a 2013 ya nemi a riƙe mutumin da ya tayar da bam a gasar gudu ta Boston, wanda ɗan ƙasa ne, a matsayin mayaƙin abokan gaba. Wanzami ba ya son jarfa.

'Yan Democrat ma ba su fita ba. Su da suka yi ta kukan kundin sirri a zamanin Bush, sai ga su suna neman a ƙara masa ƙarfi. Barack Obama, wanda ya sa hannu a watan Janairun 2009 cewa zai rufe Guantanamo cikin shekara guda, shi ne a ƙarshen 2011 ya sa hannu a dokar da ta tabbatar da ikon soja na tsare mutum ba wa'adi. Laifi tudu ne. Waɗanda suka tsaya a kan magana ɗaya ba su da yawa; ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU tana cikinsu, ta yaƙi Guantanamo, ta kuma ƙi yarda a yi amfani da kundin wajen hana sayen bindiga.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: a ranar da maharin Orlando ya sayi bindigoginsa sunansa ba ya cikin kundin, an cire shi bayan FBI ta rufe bincikenta a 2014. Wanda ya harbe masu ibada tara a cocin baƙar fata na Charleston a 2015, da wanda ya kashe yara 20 a makarantar Sandy Hook a 2012, da wanda ya buɗe wuta a Las Vegas a 2017, babu wanda kundin ta'addanci zai kama. Dokar tarayya ba ta ma da wani laifi na musamman mai suna ta'addancin cikin gida. Kundin ya fi cika da sunaye irin namu, bindigar kuwa tana kisa ne a hannun kowa. Dokar da za ta rage zubar jini ita ce wadda ta hau kan kowane mai saye, kamar ƙudurin faɗaɗa bincike da ya sami ƙuri'a 54 a 2013 ya faɗi. Ita ce kuma wadda 'yan siyasa suka fi jin tsoro.

Shari'ar Detroit da shari'ar da ta ƙi ƙarewa

Akwai gwaji guda da ya shafe mu kai tsaye. Ranar 25 ga Disambar 2009 Umar Farouk Abdulmutallab, ɗan Najeriya, ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit. Makonni kafin haka mahaifinsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai gargaɗi. An shigar da sunan cikin wani babban rumbun bayanai, amma bai kai jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba. Kundin da ya kama Rahinah bai kama shi ba.

'Yan Republican suka yi ca, suna cewa a miƙa shi ga soja, kuskure ne a ba shi lauya. Gwamnati ta bar shi a kotun farar hula. Jami'an FBI suka zo Najeriya, suka tafi da wasu danginsa, kuma bayan ya gan su ya buɗe baki ya ba da bayanai. Ya amsa laifinsa a watan Oktoban 2011, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Fabrairun 2012. Shekara biyu da 'yan watanni, magana ta ƙare.

Ɗora wannan kusa da Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake tuhuma da kitsa harin 11 ga Satumba. An kama shi a Rawalpindi a watan Maris na 2003. A gidajen sirri na hukumar leƙen asiri ta CIA an yi masa azabar ruwa sau 183: a ɗaure mutum a kan allo, a rufe fuskarsa da tsumma, a yi ta kwarara ruwa har ya ji yana nutsewa. An kai shi Guantanamo a 2006. Yunƙurin yi masa shari'a a New York ya rushe a 2011 saboda adawar majalisa. An sake gurfanar da shi a kotun soji a 2012, kuma tun daga lokacin ake ta sauraron share fage, domin kowace hujja sai an yi rigima ko azaba ce ta haife ta. A watan Yulin 2024 aka cim ma yarjejeniyar ya amsa laifi a ɗauke masa kisa. Bayan kwana biyu sakataren tsaro Lloyd Austin ya janye ta. Iyalan waɗanda suka mutu sun tsufa suna jira. Hanyar da aka ce ta fi sauri da tsauri ita ce ta hana su ganin hukunci.

Mu da muka tashi muna jin malamai na cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, ba baƙon abu ba ne a wurinmu cewa kotu ba gata ce ga mai laifi ba. Ita ce kaɗai hanyar da ake bambance shi da wanda aka yi wa ƙazafi, kuma ita ce ke sa hukunci ya zauna.

Abin da ya iso ƙofarmu

Kwana kaɗan bayan abin da ya faru a Detroit, a watan Janairun 2010, Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da za a riƙa yi wa matafiyansu bincike na musamman. Ɗalibi, ɗan kasuwa da tsohuwa mai zuwa ganin jika duk suka biya kuɗin laifin mutum ɗaya, har zuwa watan Afrilu da aka sauya tsarin. Ana kuma raba bayanan kundin sa-ido da wasu ƙasashe, kuma ana duba shi wajen ba da biza. A inda rabin unguwa Muhammad ne ko Abubakar ko Usman, kamanceceniyar suna ba ƙaramar barazana ba ce.

Ƙasar Gana ma ta ɗanɗana. A watan Janairun 2016 ta karɓi 'yan Yaman biyu daga Guantanamo, ƙasa ta ɗauki zafi, kuma a 2017 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce gwamnati ta saɓa wa kundin tsarin mulki da ba ta kai yarjejeniyar gaban majalisa ba. Dalilin da ya sa ake neman wa fursunonin masauki a ƙasashen wasu shi ne majalisar Amurka ta haramta shigo da ko ɗaya daga cikinsu ƙasarta, ko don shari'a, ko don jinya.

Lokacin da Obama ya hau akwai mutum 242 a sansanin, ya bar 41. A watan Janairun 2025 saura 15. Wasu cikinsu kwamitocin gwamnati sun daɗe da amincewa a sake su, ba a sami inda za a kai su ba. Cikin sauran akwai Abu Zubaydah, wanda aka kama a watan Maris na 2002, aka yi masa azabar ruwa sau 83 a wata guda, daga baya gwamnati ta janye da'awarta cewa shi babban jigo ne a Alƙa'ida. Har zuwa lokacin ba a tuhume shi da komai ba, ba a kuma sa ranar sakinsa ba.